Ruwan ɗazu da ruwan yanzu: yadda na warware zoben da ya karya mini kibiya a LabVIEW

Kawuna yana da lambun albasa a bakin Binuwai, idan ka fita daga Garwa ka ɗauki hanyar Pitowa. Shekara biyu da suka wuce ya sa famfo mai aiki da hasken rana, ya ɗora tanki mai cin lita 5000 a kan ƙarfe. Famfon bai san ƙoshi ba. Da zarar rana ta take zai yi ta turo ruwa har tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya riƙa kwarara yana cin ƙasar gindin ƙarfen, sai in yaron lambu ya hango ya sheƙo a guje ya kashe. Ranar da aka aiki yaron kasuwa, ko barci ya sace shi a gindin darbejiya, to ranar an yi asara. Da na zo hutu daga Ngaundare inda nake karatun lantarki, Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da kake karatun wayoyi, ba za ka koya wa abin nan hankali ba?" Na ce, "Kawu, in sha Allahu zan gwada."

Na san akwai ƙwallon nan mai iyo da ake sa wa tanki, kuma shi kaɗai ya isa ya kashe famfo. Amma Kawu yana son ya san ruwa nawa lambun yake sha kullum, domin ya san ko zai iya ƙara fangali, ni kuma ina neman abin da zan mayar aikin kammala karatu. Sai na ce zan haɗa duka biyun: na'ura ta auna ruwa, ta kunna famfo ta kashe, ta kuma ajiye lissafi.

Da LabVIEW muke aiki a aji. Manhaja ce da kamfanin National Instruments na Austin a jihar Texas ta Amurka ya samar, ta fara fitowa a 1986 a kan kwamfutar Macintosh, kuma Jeff Kodosky ake dangantawa da ƙirƙirarta. Harshenta G ake ce masa, kuma ba rubuta shi ake yi ba, zana shi ake yi. Akwai fuskar gaba inda kake jera maɓallai da ma'aunai, akwai kuma shafin baya inda kake ajiye ƙananan akwatuna ka haɗa su da wayoyi. Kowace waya da launinta: ruwan lemo ga lamba mai ɗigo, shuɗi ga cikakkiyar lamba, kore ga e ko a'a. Doka ɗaya ce take tafiyar da komai. Akwati ba ya motsi sai duk wayoyin da ke shigarsa sun kawo masa kayansu, in ya gama kuma sai ya tura sakamako ta wayoyin fita. Ba sama da ƙasa ba ne, ba hagu da dama ba ne. Wanda kayansa suka iso shi ke aiki. Wannan doka na haddace ta tun shekarar farko, na rubuta ta a jarrabawa, amma sai a kan tankin Kawu na san nauyinta.

Kafin in taɓa famfon gaske sai na fara gina na gwaji a cikin kwamfuta. Akwatuna uku na yi. Na farko mai yanke hukunci: ya dubi ruwa, in ya yi ƙasa da lita 1500 ya kunna famfo, in ya kai 4500 ya kashe. Na biyu shi ne famfon: in an kunna shi ya ba da lita 20 a minti, kamar yadda muka auna na lambun da jarka da agogo. Na uku tankin: ya karɓi abin da famfo ya zuba, ya cire abin da aka ɗiba, ya faɗi abin da ya rage. Na sa su ukun a cikin kewaye mai maimaita kansa, kowane juyi ɗaya minti ɗaya. Na ja waya daga mai hukunci zuwa famfo, daga famfo zuwa tanki, sannan na ja ta ƙarshe daga tanki ta koma wa mai hukunci, tunda sai ya ga ruwan zai yanke hukunci.

Ina sakin wayar sai wata 'yar kibiya ta fito a tsakiyarta tana kallon baya, da wani ɗan ɗigo a ƙarƙashinta. Ban sa ta ba, ban kuma san aikinta ba. Na goge ta na sake jan wayar, ta sake fitowa. Sai na shiga cikin saitin manhajar na lalubo wurin da aka ce a riƙa saka ta kai tsaye, na cire alamar. Na sake jan wayar. A nan ne fa wayoyin uku suka koma baƙin layi mai ɗigo-ɗigo da jan gicciye a tsakiya, farar kibiyar da ake dannawa a tayar da shiri kuma ta tsage biyu ta yi toka-toka. Na danna ta, jerin kurakurai ya buɗe. Ma'anar abin da ya ce ita ce wayoyin nan sun yi zobe, kowane ɓangare yana jiran ɗan'uwansa, don haka babu mai iya farawa.

Na karanta na sake karantawa, raina bai yarda ba. A lambun ai haka abin yake: ruwa ke sa a kunna famfo, famfo ke sa ruwa ya ƙaru. Gaskiya na zana, me ya sa za a ce na yi kuskure?

Abin da na fara yi shi ne abin da duk ɗan aji yake yi, na danna Ctrl da B, wanda ke share karyayyun wayoyi. Na mayar da biyun farko, na bar ta ukun. Kibiya ta haɗe, shiri ya tashi, na ji daɗi na ɗan lokaci. Sai na ga ma'aunin tanki ya wuce 4500, ya wuce 5000, ya doshi 8000, famfo bai tsaya ba. Dalili kuwa, ƙofar da mai hukunci yake karɓar yawan ruwa ta zauna babu waya, sai ta ɗauki sifili, shi kuwa kullum gani yake tanki wayam. Famfon Kawu sak na sake ginawa a kwamfuta.

Dabara ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ita ta yi kama da nasara. A LabVIEW akwai hanyar karanta ma'auni ko rubuta masa daga ko'ina a shafin ba tare da waya ba, ɗan akwati ne mai ɗauke da sunan ma'aunin. Na ce to ga mafita, in babu waya ai babu zobe. Na raba aikin gida biyu: kewaye ɗaya na famfo, ya karanta ruwa ya ƙara ya rubuta, wani kewayen na masu ban ruwa, ya karanta ya rage ya rubuta. Babu jan gicciye ko ɗaya. Na cire jinkiri domin juyi 1440 na yini guda su wuce cikin ƙiftawar ido. Na tayar sau uku da alƙaluma iri ɗaya, na sami amsa uku daban-daban.

Kwana biyu abin yana cina. Ga wutar unguwarmu mai zuwa da tafiya, ga zafin Garwa na watan Maris da ke wuce digiri 40, kwamfutar tana huci a kan tabarma sai na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa. A dare na biyu na ɗauki takarda na bi lissafin da hannu, sai na kama ɓarawon. A ce tanki yana da lita 2000. Kewayen famfo ya karanta 2000. Kafin ya rubuta, kewayen ban ruwa ma ya karanta 2000. Na farko ya ƙara 20 ya rubuta 2020. Na biyu ya cire 10 daga abin da ya karanta tun farko ya rubuta 1990 a kai. Amsar gaskiya 2010 ce, lita 20 sun salwanta babu wanda ya gani. Kamar yara biyu masu tsaron shago ɗaya da littafin bashi ɗaya, kowa ya duba shafi ya tafi ya yi lissafinsa, wanda ya dawo ƙarshe ya goge na ɗan'uwansa. Ban warware zoben ba, ɓoye shi na yi inda manhajar ba za ta gan shi ta yi mini magana ba. Har gobe ina ganin karyayyar kibiya ta fi wannan alheri nesa ba kusa ba, domin ita tana gaya maka akwai matsala tun kafin ka kai wa mutane kaya.

Akwai wani yayanmu a unguwa da ya daɗe yana aikin na'urori a masana'antar gurzar auduga. Bayan sallar la'asar na same shi a ƙofar gida yana dafa shayi, na gaishe shi na buɗe masa kwamfutar. Na mayar da zanen farko mai jan gicciye na nuna masa. Ya ɗan jima yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan wayar da ta taso daga tanki.

"Wannan me take ɗauke da shi?"

"Yawan ruwa, Yaya."

"Wane ruwa? Na yanzu ko na ɗazu?"

Na buɗe baki na rasa abin cewa. Ya miƙo mini kofin shayi ya ce, "Ƙanena, yaron lambu in ya hau tsani ya leƙa tanki, ruwan da aka riga aka zuba yake gani. Ya sauko ya kunna famfo. Ruwan da famfon zai zuba kuma sai hawan gaba zai gan shi. Kai kuwa ka ce wa yaron ya leƙa ruwan da bai kunna famfonsa ba tukuna."

Nan take abin ya faɗo mini. A lambu zoben ba zobe ba ne, domin lokaci yana tsakani. Ruwan ƙarfe goma ne ke sa a kunna famfo, famfon kuma ruwan ƙarfe goma da minti ɗaya yake haifarwa. Abu biyu ne daban da na kira da suna ɗaya, na kuma ɗora su a waya ɗaya. Waya a LabVIEW ba ta san jiya ba, abin wannan juyin kawai take ɗauka. Mai hukunci yana jiran tanki, tanki yana jiran famfo, famfo yana jiran mai hukunci. Yaya ya kwatanta shi da tela da mai riga: tela ya ce sai an biya zai sayi zare, mai riga ya ce sai ya ga riga zai biya, har sallah ta wuce yadi yana ninke. Ya ce abin da ke raba wannan gardama a kasuwa shi ne kafin alƙalami, wani ya fara ajiye wani abu tun ba a yi aikin ba.

Abu biyu ke nan ake bukata: wurin ajiye na ɗazu, da abin da za a fara da shi a juyin farko lokacin da babu ɗazu. Yaya ya sa na danna gefen kewayen da maɓallin dama na zaɓi abin da a Hausa nake kira aljihun kewaye. Ƙananan ƙofofi biyu suka fito suna fuskantar juna, ta dama da kibiya mai kallon sama, ta hagu da mai kallon ƙasa. Duk abin da ka zuba a ta dama a ƙarshen juyi, shi zai fito ta hagu a farkon juyi na gaba. Na kai wayar tanki ƙofar dama. Na ɗauko waya daga ƙofar hagu na raba ta biyu, ɗaya ga mai hukunci, ɗaya ga tankin kansa don ya san a kan nawa zai ƙara. Daga wajen kewayen kuma na haɗa lamba 0 da ƙofar hagu, kafin alƙalami ke nan. Jan gicciyen ya ɓace. Yanzu duk wayoyin gaba suke tafiya, babu mai juyowa.

Ita kuwa 'yar kibiyar da na yi ta gogewa, ashe aikinsu ɗaya da aljihun. Tana riƙe abin da ya shige ta ne ta sake shi a juyi na gaba, ɗan ɗigon da ke ƙarƙashinta kuma nan ake sa mata abin farawa. Manhajar maganin take miƙo mini tun ranar farko. Duk da haka ni aljihun na fi so, musamman ga mai koyo, domin da ido kake ganin na ɗazu yana shigowa ta hagu, na yanzu yana fita ta dama. Mun kunna ɗan ƙwan fitilar da ke saman shafin, wanda ke sa shiri ya tafi a hankali, muka zauna muna kallon ɗigo yana bin waya daga akwati zuwa akwati, ya shige ƙofar dama ya ɓullo ta hagu. Yaya ya ce da ana nuna wa ɗalibai wannan tun makon farko da an huta.

Ashe akwai zobe na biyu da ban lura da shi ba. In ruwa yana tsakanin 1500 da 4500, me mai hukunci zai yi? In tanki cika yake yi, a bar famfo a kunne. In raguwa yake yi, a bar shi a kashe. Wato hukuncin yanzu yana bukatar hukuncin ɗazu. Wannan karon ban tsaya jan wayar baya ba, na ƙara aljihu na biyu mai koriyar waya. Sai dai na manta ban haɗa masa abin farawa ba, kuma manhajar ba ta hana, domin akwai masu barinsa haka da gangan. Aljihun da ba a ba shi abin farawa ba yana riƙe abin da aka bar masa a tashin baya muddin ba a rufe shirin ba. Na tsayar da shiri famfo yana kunne, na mayar da tanki 3000 na sake tayarwa, sai ga famfo ya kama aiki babu wanda ya umarce shi. A kwamfuta wannan ba komai ba ne. A lambu kuwa injin da zai tashi da kansa alhali yaro yana iya kasancewa hannunsa a kan waya ba abin wasa ba ne. Na haɗa masa "a kashe" a matsayin farawa, kuma tun ranar kafin in ajiye kowane shiri sai na bi gefen hagu na kowane kewaye na tabbatar babu ƙofar da ke zaune babu waya.

Da aka zo na gaske, na sayi allon Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake ɗora wa shiri ya sarrafa na'urori, da ɗan ma'aunin nisa mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, wanda za a kafa a murfin tanki yana kallon ruwa, da makunni mai raba wutar allon da ta famfo. Wani abu ya burge ni a nan. Akwatin tanki da akwatin famfo duk sun fita daga zanen, aljihun farko ma ya fita, domin yanzu ma'auni ke faɗin yawan ruwa. Tankin ƙarfen da kansa ya zama aljihun, shi ke riƙe na ɗazu. Jinkirin juyi ɗaya kuma ba ya cutar da mu: kewayen yana juyawa sau ɗaya a daƙiƙa, famfo a daƙiƙa ɗaya sulusin lita kawai yake zubawa, alhali daga 1500 zuwa 4500 tafiyar awa biyu da rabi ce. Amma na san ba ko'ina ne haka ba. Inda abu yake gudu da sauri, kamar daidaita gudun mota mai lantarki, wannan jinkiri sai an sa shi cikin lissafi. Masu aiki da Simulink, wata manhajar da ita ma akwatuna ake haɗawa da layuka, suna haɗuwa da ɗan'uwan wannan matsala, su ma akwatin jinkiri suke sakawa sau da yawa, haka mai aiki da Excel da ya sa lissafin wani gida na jadawali ya dogara da gidan kansa zai ga gargaɗi.

Zobe na uku shi ne wanda aljihu bai iya ba. Na yi kewaye biyu, ɗaya mai sauri yana karanta ma'auni yana juya famfo, ɗaya mai nawa yana rubuta lissafi a fayil. Na ja waya daga na farko zuwa na biyu, sai na biyun ya ƙi tashi sam. Kewaye shi ma akwati ne, ba ya sakin abin da ke ƙofar fitarsa sai ya gama gaba ɗaya, nawa kuwa ba a yi shi don ya gama ba. Da na ƙara jan wayar tsayawa daga na biyu zuwa na farko sai jan gicciye ya dawo. Yanzu dai na san karatun: kewaye biyu da ake so su yi tafiya tare ba a ɗaure su da waya. Layin saƙo na buɗe tun kafin su fara, na ba kowannensu lambarsa. Na farko yana jefa awo a layin, na biyu yana ɗauka bi da bi, wanda ya riga shiga shi ke riga fita, babu mai goge na wani. Maɓallin tsayawa na bar shi a na farko. In ya tsaya sai ya rushe layin, na biyu ya nemi saƙo ya tarar babu layi, shi ma ya tsaya.

Ranar gwaji mun isa lambu da hantsi a kan babur, kwamfuta a jakar baya. Yaron lambu ya hau tsani ya ɗaure ma'aunin a murfi da wayar ƙarfe. Da ruwa ya fara faɗawa tanki sai alƙaluman suka kama rawa, 2100, 2260, 2050, saboda igiyar da ruwan ke tayarwa. A nan gindin darbejiya na ƙara wani aljihu, na ja ƙofarsa ta hagu ƙasa ta zama huɗu, domin haka zai riƙe awo huɗu na baya, na haɗa su da na yanzu na raba biyar. Rawar ta lafa. Na sa shirin ya jira awo biyar su cika kafin ya yanke hukuncin farko, kada sifilin farawa ya ruɗe shi.

Muka yi azahar a nan. Kawu ya zauna kusa da ni a kan buhu yana kallon shuɗin ma'auni yana hawa a allo, can ya ɗaga kai ya dubi tankin, ya sake duban allo. 4380. 4450. Yaron ya miƙe don sabo zai nufi makunni, Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce, "Tsaya tukuna." Allo ya nuna 4500, makunnin ya yi ƙas, ƙarar zubar ruwa ta ɗauke, sai kukan kurciya daga wajen kogi. Yaron ya hau tsani ya leƙa ya ce saura kamar taki ɗaya ya kai baki. Kawu ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Sannan ya tambaye ni ko dole ne kwamfutar ta riƙa kwana a lambu. Na ce a'a, Kawu, hukuncin zan mayar cikin allon kansa, amma sai na koma Ngaundare na nuna wa malamina wannan tukuna. Ya ce to in yi sauri, kafin a fara cirar albasa.